Ciyawa a Hanyar Baba

Baba ya faɗi ne a kan hanyar da ya shimfiɗa da hannunsa. Wata doguwar ciyawar kiri-kiri ce ta sarƙafe masa takalmi, ya tafi gaba ɗaya, ya fasa goshi, ya yi targaɗe a idon sawu. 'Yarsa Auta ta same shi zaune a kan tsakuwa yana laluben hularsa. Abin da ya fara cewa shi ne kada a gaya wa Manaja. Kafin ya rufe baki Gwaggo ta riga ta ɗauki waya.

Hanyar ba wata doguwa ba ce. Ta taso daga bakin baranda, ta miƙe har kusa da famfo, ta karya dama, ta wuce rijiya, ta tsaya a ƙofar gida. Baba aikin titi ya yi har ya yi ritaya, kuma tun yana gani ya sayo tsakuwar ya zuba ta. Yanzu idanun sun tafi duka biyu. Abin da ya rage masa na fita shi kaɗai shi ne wannan hanya. Kullum da safe yakan bi ta ya je ya zauna a bencin Tela, wanda shagonsa ke jikin katangar gidan, su yi ta gardama har rana ta take. Ba ya yarda a riƙe shi. Sandar ma a hammata yake saƙale ta, wai don korar kare.

Manaja ya iso da la'asar, ko kayan ofis bai cire ba. Shi ne babba a 'ya'yan Baba, kuma tun yana yaro Gwaggo, yayar Baba, ta laƙaba masa sunan saboda son ba da umarni. Ya duba goshin, ya duba ƙafar, ya fita ya duba hanyar. Damina ta yi nisa, ciyawa ta ci gefe da gefe, a wasu wuraren ma sai an tona ake ganin tsakuwar.

"Gobe zan turo a yi feshi," in ji shi.

"Ba a gidana ba," in ji Baba daga kan kujera, ƙafarsa a kan matashi. "Duk ruwan da ya sauka a hanyar nan gindin rijiya yake gangarawa. Ni na yi mata gangaren, na sani. Ruwan da muke sha ke nan."

"To a zuba siminti."

"Sai kuma in zama kurma? A tsakuwa ina jin wanda ya shigo tun daga ƙofa. Kai kana taka ta kamar kana jin haushinta. Gwaggonku tana jan silifa. Siminti bai san kowa ba."

"Ni nake jan silifa?" in ji Gwaggo.

"Tun muna yara."

Manaja bai yi dariya ba. "To saura abu ɗaya. Ka dawo wurina. Ɗaki na nan, babu ciyawa, babu rijiya."

Gidan Manaja can saman bene yake, matakalarsa siririya ce mai juyi. Baba ya taɓa zama a can lokacin da aka yi masa aikin ido, ya ƙare zaman a bakin taga yana sauraron motoci. Kowa a ɗakin ya san in ya hau, ba zai sake saukowa shi kaɗai ba.

"Yaya, ka bar min hanyar," in ji Auta. "Kafin ƙafarsa ta warke zan gyara ta."

"Da me?"

"Da hannu."

Manaja ya dubi hannun nata, hannun malamar makaranta, da sauran alli a gindin farce. "Shi ke nan. Ranar da likita ya ce ya taka, zan zo in tsaya a barandar nan. In ya kai ƙofa shi kaɗai lafiya, na yi shiru. In bai kai ba, Baba, ka yi haƙuri, ba zan sake neman shawarar kowa ba."

"Titin da manyan motoci ke bi na yi," in ji Baba. "Sai in ɓata a tsakar gidana? Hanyar nan a kaina take."

Auta ta fara da fartanya, bayan ta taso daga makaranta. Ta sassare ciyawar tas, hanyar ta yi kyau, aka yi ruwa sau biyu, sai ga ta ta dawo fiye da da. Kiri-kiri ba ta jin sara. Kowace gaɓa da aka bari a ƙasa sabon tushe ce. Sai ta ajiye fartanyar ta koma tsugunno. In an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, takan zura yatsu ta bi jijiyar a hankali har inda ta ƙare, ta zaro ta kamar zare. Wasu jijiyoyin sun fi hannunta tsawo.

Gwaggo tana zaune a bakin baranda tana ba da shawara.

"Ki zuba gishiri. Abin da ake ci ai ba ya cuta."

"Gishirin ma rijiya zai bi, Gwaggo. Kuma zai kashe lemon can."

"Ke dai kin gaji taurin kan ubanki."

"Ina ji," in ji Baba ta taga.

"Don ka ji na faɗa."

Tafasasshen ruwa ne ya fi yi mata aiki. Takan ɗora babbar tukunya, ta ɗebo a buta, ta bi tsiro ɗaya bayan ɗaya tana tsiyaya masa a tsakiya. Ƙananan kan kwanta nan take, washegari sun zama kamar dafaffen ganye. Manyan sai an maimaita. Sau ɗaya ruwan ya fallatso mata a ƙafa, daga ranar ta koma sa takalmin roba na Baba, na zamanin aiki, wanda ya yi mata yawa.

Da ta yi ta tono ne ta gane asalin abin. Ƙasa ce ta cika tsakanin tsakuwar. Shekara da shekaru ana share tsakar gida, ƙura da ganye na taruwa a kan hanyar suna ruɓewa, har ta zama fili mai taki. Ko ta kashe ta yau, iri na nan yana jiran ruwa. Ta sa kafinta ya buga mata raga a jikin katako, ta jingine ta da baro, ta shiga kwashe tsakuwar da shebur tana tacewa. Ƙasa ta zube ƙasa, tsakuwa ta gangaro fes. Inda ta kwashe, sai ta daddaɓe wurin, ta shimfiɗa kwalayen da ta roƙo a shagunan layin, ta mai da tsakuwar a kai da kauri. Hannunta ya yi kanta. Ɗalibanta suka tambaye ta ko ta koma birkila.

Wurin da ya fi ba ta wahala shi ne inda hanyar ta karya. Famfon yana ɗiga tun ba yau ba, ƙasar wurin ba ta bushewa, kuma na'ana'a ta mamaye kusurwar gaba ɗaya. Gwaggo ta ce daga wata fasasshiyar tukunya ta tsere, shekarun baya, ba wanda ya shuka ta a nan. Jijiyoyinta farare sun saƙa ƙarƙashin tsakuwar kamar tabarma. Auta ta juye mata tukunya guda, ta dawo ta juye wata. Tururi ya tashi, ƙanshi ya cika gidan.

"Wa ke dafa shayi bai kawo min ba?" in ji Baba daga ɗaki.

"Ciyawa nake dafawa, Baba."

"To a sa min sukari."

Ta tone jijiyoyin har da na ƙarƙashin bututun, ta sa aka gyara famfon ya daina ɗiga. Tsakuwa ta ragu a baro, sai ta baza ta a kewayen famfon har jikin katanga, don kada wurin ya sake yin taɓo. Ta bi hanyar da manjagara daga baranda zuwa ƙofa. Babu ko ɗan kore ɗaya. Tela ya leƙo ya ce ko a gidan gwamnati sai haka.

Ranar da likita ya ce Baba ya taka, Manaja ya zo da safe. Ya bi hanyar har ƙofa ya dawo, yana tura tsakuwar da bakin takalmi. "Kin yi aiki," ya ce wa Auta, ya koma baranda ya harɗe hannu.

Baba ya fito cikin wankakkun kaya, ya saƙale sandar a hammata, ya sauko daga baranda. Tsakuwar ta amsa masa da ƙarfi.

"Haka take a da," in ji shi. "Kun ji muryarta?"

Ya tafi a miƙe, ba ɗingishi. Auta tana kallon ƙafafunsa, babu abin da zai kama su. Ya iso inda zai karya dama, bai karya ba. Ya ci gaba a kan sabuwar tsakuwar da ta baza, ya wuce famfon ta gefe, sai da kafaɗarsa ta gogi katanga ya tsaya. Ya ɗaga hannu ya shafa bulon. Ya juya, ya yi taku biyu, tsakuwa. Ya juya wani gefen, nan ma tsakuwa. Ya sauke sandar daga hammata, abin da Auta ba ta taɓa gani ba, ya shiga dungurin ƙasa da ita. Bakin sandar ya bugi bokitin da ke ƙarƙashin famfo. Baba ya tsaya cak, fuskarsa tana kallon katanga, kamar yaron da aka sa horo.

Manaja ya sauka daga baranda. Auta ta riƙo hannun rigarsa, ya zame.

"Kai ne," in ji Baba da ya ji takun. "Juya ni wajen ɗaki."

Baba ya koma kujerarsa. Manaja ya ce Gwaggo ta haɗa kayan da za a fara tafiya da su, sauran ya turo mota. Ya faɗa a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba. Gwaggo ta shiga ɗaki, aka ji tana buɗe durowa tana rufewa da ƙarfin da ya fi na aikin. Auta ta tsaya a bakin baranda tana kallon hanyar. Ta rasa inda laifin yake. Faɗinta ɗaya, tsawonta ɗaya, kusurwar tana inda take.

"Ban ji wurin ba," in ji Baba can.

"Wane wuri, Baba?"

"Inda nake juyawa. Kullum in na zo, na san na zo. Yau na yi ta jira, bai zo ba."

"Ƙirga taku kake yi?" in ji Manaja.

"Ban taɓa ƙirgawa ba. Wa ke ƙirga taku a gidansa?"

Gwaggo ta fito da jaka a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da tsofaffin takalman Baba, waɗanda ya faɗi da su. Za ta cusa su a gefen jakar, sai ta dakata. Ta kai ɗaya hanci.

"Ƙanena, takalman nan naka kullum in na zo gogewa ƙanshin na'ana'a suke. Har yanzu da saura."

Ta miƙa masa. Baba ya karɓa, ya juya tafin, ya shinshina. Ya daɗe riƙe da shi.

"Ina take?" ya tambaya.

"Na kashe ta, Baba," in ji Auta. "Ita ce shayin da ka ce a sa maka sukari."

"Garin gyaran gira," in ji Gwaggo, sai ta haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana. Idon ai an riga an rasa." Ya ajiye takalmin a cinya. "Ashe hanci ke ja na. In na taka ta, ta tashi, sai ƙafa ta juya. Ni kuwa ina ta cika baki a kaina take."

Auta ta tuna yadda ta bi jijiyoyin nan har ƙarƙashin bututu, tana jin daɗin kowace da ta zaro.

"In alama ce matsalar, da sauƙi," in ji Manaja. "A kafa ƙarfe, a ja igiya daga nan har ƙofa."

"Akuya ce ni? Duk wanda ya shigo ya ga igiya ya san makaho ne a gidan."

"Baba, kowa ya sani."

"Su sani. Ba sai an rubuta a tsakar gida ba."

Auta ta zura silifa ta fita. Matar Tela tana da na'ana'a a bayan shago, cikin wani tsohon baho. Auta ta roƙi ɗan kaɗan, matar ta yanko mata dunƙule guda da ƙasarsa, faɗin faranti, ta ce don Allah ta ƙara, ta ishe su. Auta ta dawo da shi a cikin kwali, ta durƙusa a kusurwar, ta ture tsakuwa, ta yanka kwalin da ta shimfiɗa da wuƙa. Ta zaunar da dunƙulen a gefen hagu, inda tsohuwar ta fi kauri, ta danna shi ya yi daidai da hanyar, ta jawo tsakuwa ta rufe bakinsa.

Manaja yana tsaye a kanta. "Kin gama kashe ciyawa, yanzu kuma shuka ta kike."

"Ka bari ya sake gwadawa, Yaya."

"Na ce sau ɗaya."

"Hanyarsa ka ce ya bi. Ba ita muka ba shi ba."

Manaja ya waiwaya baranda. Baba yana zaune, jakar tana gefen ƙafarsa, ya ɗora hannu ɗaya a kanta. Bai roƙi kowa ba, kuma da alama ba zai roƙa ba. Manaja ya ɗauke bokitin daga ƙarƙashin famfo ya kai shi bayan ɗaki. Da ya dawo ya ce, "Baba, in ka huta, bismilla."

Wannan karon Baba bai yi maganar muryar tsakuwa ba. Ya sauko a hankali, sandar a hannu, bakinta na shafar ƙasa. Ya san suna kallonsa, ya kuma san yanzu sun san abin da yake nema. Hancinsa yana ɗan motsi. Da ya kusa kusurwar ya rage tafiya har kamar zai tsaya, ƙafar dama ta wuce dunƙulen ta gefe ba ta taɓa shi ba. Gwaggo ta buɗe baki, Auta ta dafa ta. Ƙafar hagu ta sauka a kan ganyen. Baba ya tsaya, ya ɗan murza diddige, ya ja numfashi. Sai ya juya dama.

Ya wuce rijiya. Ya kai ƙofa, ya laluba sakata, ya buɗe. Daga waje suka ji keken ɗinki ya tsaya.

"Mai Titi, an sako ka?" in ji Tela.

"Matsa min. Kai kullum sai ka cinye bencin."

Manaja ya daɗe yana kallon ƙofar da aka bari a buɗe. Sannan ya sunkuya ya ɗauki jakar.

"In ta bushe fa?" ya tambayi Auta. "Kin gyara famfon."

"Zan riƙa ba ta ruwa."

"In ta yaɗu ta kama masa ƙafa?"

"Zan fasa gindin bokiti in binne ta a ciki. Abin da ya tsallako in yanke."

"Hanci ma yana tsufa, Auta."

"Ya tsufa tukuna."

Ya shiga da jakar. Gwaggo ta miƙa hannu za ta karɓa ta kwance, ya ce ta ciro maganin da buroshin kawai, sauran ta bar su a ciki. Ya ajiye ta a bayan ƙofar ɗakin Baba, inda ƙafa ba ta bi, ya fito ya yi musu sallama. A bakin ƙofa ya tsaya ya gaida Tela, ya ce wa Baba sai ya sake zagayowa. Baba ya ce a gaida yara.

Auta ta koma kusurwar. Diddigen Baba ya kwantar da rabin dunƙulen, wani reshe dogo ya miƙe a kan tsakuwa, daidai inda takalmi zai iya shiga ƙarƙashinsa. Ta shiga ɗaki neman almakashi.